Kawuna ya ce ambaliyar da ta ci ƙanwata hukuncin Allah ce saboda zaɓe

Tambaya:

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni matar aure ce, Kirista tun tasowata. A daminar da ta wuce ambaliyar ruwa ta shafe unguwannin da ke bakin kogi a yankinmu, ta tafi da ƙanwata da ɗanta ƙarami. Ba a daɗe da jana'iza ba, kawuna, wanda shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, dattijo ne kuma a ikilisiyarmu, ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya ce Allah ne ya hukunta mutanen wannan yanki domin sun ƙi shugaban da Allah ya naɗa, suka bi wata jam'iyya a zaɓen da ya gabata. Na kasa daurewa, na ce an yi shekaru ana kuka a kan madatsa da magudanan ruwan da aka ware wa kuɗi ba a gyara ba, kuma yanzu ma kayan agaji bisa jam'iyya ake raba su. Aka ce mini in daina kawo siyasa cikin gidan Allah, in bar wa Allah komai. Tun daga ranar ban koma sujada ba, ba ma magana da kawu. Shin da gaske hukuncin Allah ne ya sauka a kan ƙanwata? Zunubi ne in nemi a binciki waɗanda suka yi sakaci? Yaya zan yi da kawuna?

Amsa:

'Yar'uwata, Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya ba ki ƙarfin ɗaukar wannan rashi, ya kuma riƙe sauran iyalin da ƙanwarki ta bari. Rasa ƙanwa da ɗanta a rana ɗaya nauyi ne da ya isa ya durƙusar da mutum, balle a ƙara masa da jin an kira mutuwarsu hukunci daga bakin wanda ya rene ku, a wurin da kika je neman sanyin zuciya. Zan fara da tambayarki ta farko, domin ita ce ke hana ki barci, kuma amsarta ba ta da wahalar samu a cikin Littafi Mai Tsarki.

An taɓa kawo wa Yesu irin wannan magana, yadda Luka ya rubuta a farkon sura ta 13. Wasu suka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, wato mutuwar da hannun mai mulki ya jawo. Shi da kansa ya ƙara wani labari, na mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa a Urushalima, wato mutuwar haɗari da ba wanda ya shirya ta. A kan duka biyun ya yi tambaya ɗaya: kuna tsammani waɗannan sun fi sauran mutane zunubi ne da abin ya same su? Ya kuma amsa da kansa sau biyu cewa a'a. Daga nan ya juyo da maganar kan masu sauraro, ya ce in ba su tuba ba su ma za su hallaka. Ki lura da inda ya kai zancen. Masu kawo labari sun zo ne su tattauna laifin matattu, shi kuwa ya ƙi ba su wannan dama, ya mai da su ga nasu zukatan. Haka ya yi a sura ta 9 ta Bisharar Yahaya, da almajiransa suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya ce ba na ko ɗaya ba ne. A Matiyu 5:45 ma ya faɗa a fili cewa Uba yana sa ranarsa ta fito wa mugaye da nagari, yana aiko da ruwan sama ga masu adalci da marasa adalci. Wanda yake so ya karanta matsayin mutum a gaban Allah daga inda ruwa ya bi, to yana yin abin da Ubangiji ya hana almajiransa yi.

Littafin Ayuba kusan gaba ɗayansa a kan wannan kuskure yake. Iska mai ƙarfi ce ta rushe gida a kan 'ya'yan Ayuba goma. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo ta'aziyya suka zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka shiga yi masa bayanin cewa Allah ba ya azabtar da marar laifi, saboda haka lalle akwai abin da shi ko 'ya'yansa suka aikata. Maganarsu tana da kamannin tsoron Allah, har wani mai karatu zai iya ɗauka suna kare sunan Ubangiji ne. Amma a sura ta 42 Allah ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba, ya kuma umarce su su je wurin Ayuban da suka zarga ya yi musu addu'a. Shi kansa Ayuba har littafin ya ƙare ba a faɗa masa dalilin abin da ya same shi ba.

Kawunki zai iya cewa ai akwai ruwan tsufana a zamanin Nuhu, akwai Saduma, akwai annobai goma na Masar, akwai fari na shekara uku da rabi a zamanin Iliya. Gaskiya ne, kuma bai kamata mu ɓoye waɗannan wurare ba don mu sami sauƙin amsa. Littafi Mai Tsarki ya koyar cewa Allah yana da iko a kan ruwa da iska da ƙasa, ya kuma taɓa yin hukunci da su. Sai dai a kowane ɗayan waɗannan labarai mun san hukunci ne domin Allah da kansa ya faɗa, kuma yawanci ya faɗa tun kafin abin ya auku, domin mutane su sami zarafin tuba. Annabi ba ya jira sai an gama binne gawawwaki sannan ya tashi ya sanar da dalili. Ibrahim da aka gaya masa abin da zai sami Saduma, roƙo ya tsaya yi domin birnin, yana rage adadi daga hamsin har zuwa goma. Irmiya kuka ya yi a kan Urushalima. Zunuban da annabawa suka ambata kuwa ba ɓoyayyu ba ne: Amos ya yi maganar danne matalauta, da karɓar cin hanci, da hana mabukata hakkinsu a wurin shari'a, Ezekiyel kuma ya ce laifin Saduma shi ne girman kai da ƙoshi da rashin taimakon matalauci da mabukaci. Fushin annabawa ya fi sauka a kan sarakuna da alƙalai da firistocin al'ummarsu. Farin zamanin Iliya, sarki Ahab aka je aka sanar wa da shi a fuskarsa. Da annoba ta auka wa Isra'ila a ƙarshen littafin Sama'ila na biyu, Dawuda ya ce shi ne ya yi zunubi, ya tambayi Allah me waɗannan tumaki suka yi. Ba za ki sami wuri ɗaya ba inda Allah ya aiko da ruwa ya cinye talakawa da jariransu don sun goyi bayan wani mai neman mulki suka bar wani. Ɗan ƙanwarki bai taɓa jefa ƙuri'a ba.

Akwai wani abu a tarihin ikilisiya da ya kamata ya sa kowane Kirista ya ji tsoron irin wannan wa'azi, shi ne cewa mu ma an yi mana shi tun farkon ikilisiya. Bayan gobarar da ta cinye babban ɓangaren birnin Roma a shekara ta 64, sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifi aka karkashe su. Wajen shekara ta 197 Tartuliyan, marubucin ikilisiya a Arewacin Afirka, ya koka cewa idan kogin Tiber ya yi ambaliya, ko kogin Nilu ya ƙi kawo ruwa gonaki, ko aka yi girgizar ƙasa, ko yunwa, ko annoba, nan take jama'a za su ɗaga murya a jefa wa zakoki Kiristoci, domin a ganinsu alloli sun yi fushi ne saboda waɗannan da suka ƙi yi musu hadaya. Hujjar ita ce dai wadda kika ji ranar Lahadi, sunayen waɗanda ake zargi kawai suka canja.

Wannan hanya ta fassara bala'i tana da wata illa da ke tona asirinta: kowa abokin gabansa yake gani a cikinta. Ranar 1 ga Nuwamba 1755, da safiyar ranar bikin tunawa da dukan tsarkaka, girgizar ƙasa ta auka wa birnin Lisbon na ƙasar Fotugal lokacin da majami'u ke cike da masu sujada, igiyar ruwan teku ta biyo baya, sannan gobara, mutane dubbai masu yawa suka mutu. Wasu masu wa'azi a cikin birnin suka ce hukunci ne saboda zunubin mazauna Lisbon da sanyin ibadarsu. Wasu masu wa'azin Furotesta a Ingila suka ce hukunci ne a kan ikilisiyar Katolika saboda kotunan da take azabtar da waɗanda ta kira 'yan bidi'a. Girgiza ɗaya, matattu ɗaya, amma kowane ɓangare ya ji Allah yana faɗin abin da shi ya riga ya yarda da shi tun kafin ƙasa ta motsa. A zamaninmu ma, bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu 2010, wani sanannen mai wa'azin talabijin a Amurka, Pat Robertson, ya danganta wahalar ƙasar da wata yarjejeniya da ya ce kakanninsu sun ƙulla da Shaiɗan, alhali a cikin waɗanda suka mutu akwai babban bishop na birnin Port-au-Prince, da masu bi marasa iyaka da gine-ginen majami'unsu suka rufta musu. Da ambaliyar nan ta bi ta unguwar da ke goyon bayan jam'iyyar kawunki, ina da yaƙinin gwajin bangaskiya zai kira ta, kuma wani a ɗaya ɓangaren ne zai tashi ya kira ta hukunci.

Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce, ba wanda Allah ya ba izinin ya ce miki mutuwar ƙanwarki hukunci ce. Ba zan ce miki Allah bai san da abin ba, ko ya fi ƙarfinsa, domin Yesu ya ce ko gwara ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba. Dalilin da ya sa ya bari abin ya faru yana cikin abubuwan da Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce na ɓoye ne, na Ubangiji Allahnmu ne. Abin da aka bayyana mana shi ne, halitta duka tana nishi tana jiran fansa, kamar yadda Bulus ya rubuta a Romawa sura ta 8, kuma a ƙarshen surar ya ce mutuwa ba ta iya raba mu da ƙaunar Allah da ke cikin Almasihu Yesu. An kuma bayyana mana cewa Yesu ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru ya yi kuka, ko da yake ya san zai tashe shi.

Ayar nan ta Maimaitawar Shari'a tana da rabi na biyu, inda ta ce abubuwan da aka bayyana namu ne da na 'ya'yanmu domin mu kiyaye shari'a, kuma a nan tambayarki ta biyu ta shigo. Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne an juya tsarin ayar. An yi magana da gabagaɗi a kan abin da yake ɓoye, wato nufin Allah, aka kuma umarce ki da yin shiru a kan abin da yake a fili, wato madatsar da ba a gyara ba da kuɗin da ba a san inda ya shiga ba. Kuma wanda ya fara haɗa ambaliya da zaɓe a gaban jama'ar Allah shi ne ya shigo da siyasa cikin sujada, kafin ke ki buɗe baki.

Ruwan sama da girgizar ƙasa ba mutum ke kawo su ba, amma yawan waɗanda suke mutuwa a cikinsu yana da alaƙa ƙwarai da abin da mutane suka yi ko suka ƙi yi. Makonni shida da 'yan kwanaki bayan girgizar Haiti, wadda ƙarfinta ya kai maki 7.0 a ma'aunin girgizar ƙasa, wata mai maki 8.8 ta auka wa ƙasar Chile ranar 27 ga Fabrairu 2010, ƙarfin da ta saki kuwa ya ninka na Haiti sau ɗaruruwa. A Haiti ƙiyasi da dama sun nuna mutum 100,000 ko fiye ne suka mutu, gwamnatin ƙasar ma ta ce sun haura 300,000, a Chile kuwa ɗari biyar da 'yan kai ne suka mutu. Gaskiya ne cewa ta Haiti ta tashi ne dab da babban birni mai cunkoso kuma ba ta yi zurfi a ƙasa ba, amma wannan kaɗai bai bayyana tazarar ba. Chile ta sha girgiza mai maki 9.5 a 1960, ta kafa dokokin gini masu tsauri, ta kuma tilasta bin su. Bangaladesh ta fi ba ni mamaki. Guguwar teku ta Nuwamba 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin, ta 1991 ta kashe kusan 138,000, amma bayan shekaru ana gina mafaka masu tsayi, ana horar da dubban 'yan sa kai masu yin shela gida gida, da guguwar Amphan ta zo a 2020 an kwashe fiye da mutum miliyan biyu kafin ta iso, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai hamsin ba. Teku bai canja hali ba, kuma ba wanda zai ce mutanen 2020 sun fi na 1970 tsarki.

Sakaci ma yana da nasa tarihin. A Satumba 2023 madatsun ruwa biyu suka fashe a saman birnin Derna na Libiya, fiye da mutum 4,000 aka tabbatar sun mutu, dubbai suka ɓace, alhali masana sun riga sun yi gargaɗi a rubuce cewa madatsun suna bukatar gyara, daga baya kotu ta ɗaure jami'ai 12. A Turkiyya, inda girgizar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe fiye da mutum 50,000, gwamnati ta yi afuwa a 2018 ga gine-gine masu yawa da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, aka ba su takarda bayan biyan kuɗi. A Myanmar, bayan guguwar Nargis ta Mayu 2008, gwamnatin soja ta yi makonni tana hana ma'aikatan agaji na waje shiga, ta kuma ci gaba da ƙuri'ar raba gardamar da ta shirya kan tsarin mulki yayin da gawawwaki ke yawo a ruwa. Wanda ya kira irin waɗannan mace-mace ƙaddara kawai ya rufe baki, ya wanke masu laifi ne da sunan Allah.

Littafi Mai Tsarki bai san wannan irin shiru ba. Shari'ar Musa ta ce wanda ya gina sabon gida ya ja katanga a gefen rufinsa, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a 22:8. Wato mutuwar da za a iya hanawa da ɗan gini, alhakinta yana kan wanda bai yi ginin ba. Ezekiyel sura ta 33 ta ce mai tsaron da ya ga takobi na zuwa bai busa ƙaho ba, a hannunsa za a nemi jinin wanda aka kashe. Da Allah ya nuna wa Fir'auna yunwar shekara bakwai, Yusufu bai tsaya ga fassara mafarki ba, ya kawo tsarin mulki: a naɗa wakilai, a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi, a adana a birane. Romawa sura ta 13, wadda ake yawan karanta wa talakawa don su yi biyayya, ita ce kuma ta kira mai mulki bawan Allah domin amfanin jama'a, ta ce don haka ake biyan haraji. Bawa kuwa ana tambayarsa lissafi. Natan ya tsaya gaban Dawuda, Iliya ya tsaya gaban Ahab a kan gonar Nabot, Yahaya Mai Baftisma ya tsauta wa Hirudus, Bulus kuma da aka yi masa dūka ba shari'a a Filibi ya ƙi fita a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu. Neman a bincika ba zunubi ba ne, ƙaunar maƙwabci ce ga waɗanda har yanzu suke kwana a bakin wannan kogi, kuma damina za ta sake zuwa.

Maganar raba agaji bisa jam'iyya kuwa, ikilisiyar farko ta fuskanci makamanciyarta. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu su bar wa Allah ba, ba su kuma zarge su da raba kan ikilisiya ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida aka danƙa musu aikin, kuma dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, abin da ke nuna an ba ɓangaren da ya yi kuka hannu a cikin rabon. A sura ta 11 kuma, da Agabas ya yi annabcin yunwar da ta zo a zamanin Kalaudiyas, sarkin Roma, masu bi na Antakiya ba su tsaya binciken laifin wa ya jawo ta ba, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa aka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.

Duk da haka ina da gargaɗi gare ki, domin baƙin ciki yana iya tura mutum cikin ramin da yake gudu. Za ki sami waɗanda za su so su ɗauki sunan ƙanwarki su yi yaƙin neman zaɓe da shi, za ki kuma ji wasu suna cewa abin da ya sami wani babba daga baya sakayyar Allah ce. Kada ki bi su. Karin Magana 17:5 ta ce mai murna da masifar wani ba zai kuɓuta daga hukunci ba, da Yakubu da Yahaya kuma suka nemi izinin kiran wuta a kan ƙauyen Samariyawa, tsauta musu Yesu ya yi. Ki gwada zuciyarki da tambaya ɗaya: da waɗanda kike goyon baya ne ke kan mulki lokacin da madatsar ta lalace, za ki nemi binciken da ƙarfin da kike nemansa yanzu? Aikin irin wannan yakan ratsa gwamnatoci da dama, kuma mai yiwuwa sakacin ya taɓa hannun ɓangarori fiye da ɗaya. Ki faɗi abin da kike da shaida a kansa kaɗai, domin dokar da ta hana shaidar zur tana kare har mai mulkin da ba kya so. Ki haɗu da sauran waɗanda suka yi rashi, ko wace jam'iyya suke bi, ko wane addini, ku tattara abin da za a iya tabbatarwa, wato takardun koke na baya, da abin da aka ware a kasafin kuɗi, da sunayen gidajen da aka tsallake a rabon agaji, ku miƙa a rubuce ga hukumomin da abin ya shafa da wakilanku a majalisa, ku nemi lauya ko ƙungiyar kare hakki in da hali. Ki kuma riƙa yi wa masu mulkin addu'a kamar yadda Bulus ya umarci Timoti, domin addu'a tana hana neman gaskiya ya rikiɗe ya zama ƙiyayya.

Saura kawu. Ya yi kuskure babba, kuma matsayinsa na dattijo ya ƙara wa kuskuren nauyi, gama Yakubu ya ce masu koyarwa za a yi musu shari'a mafi tsanani. Amma ki tuna shi ma 'yar da ya rena ce ruwa ya ɗauke, da jikansa. Mutane da yawa suna gudu zuwa ga bayanin hukunci ne domin ba za su iya jure zama da rashin sanin dalili ba, wani lokaci kuma domin yarda da cewa akwai sakaci yana nufin yarda da cewa waɗanda suka goyi baya suna da hannu a mutuwar nasu. Wannan bai mai da maganarsa daidai ba, amma zai taimake ki ki je masa a matsayin 'ya. Bulus ya ce kada a tsauta wa dattijo da kaushi, sai dai a roƙe shi kamar uba, Yesu kuma ya ce a fara zuwa wurin ɗan'uwa a keɓe. Ki je gidansa, ki gaishe shi yadda kika saba, in muryarki ta yi tsauri a gaban jama'a a ranar ki ba shi haƙuri a kan yadda kika yi maganar, ba tare da kin janye gaskiyar da kika faɗa ba. Kada ki buɗe zancen da jam'iyya ko madatsa. Ki fara da ƙanwarki, ki ce masa: Kawu, kai ka rene ta, ka san bangaskiyarta, ka ɗauki ɗanta a hannunka, da na ji ka ce hukunci ne, sai na ji kamar an sake binne su. Sannan ki roƙe shi ku karanta ayoyi biyar na farkon Luka 13 tare, ki bar Kalmar ta yi aikinta, kada ki matsa sai ya amsa laifi a zaman farko.

In bai saurare ki ba, ki koma da mutum ɗaya ko biyu da yake girmamawa, daga nan ki kai wa fasto da sauran dattawa, domin magana ce da aka yi a gaban ikilisiya, ba ke kaɗai ta raunata ba, akwai wasu iyalai da suka yi rashi da suka ji ta suka tafi gida da ita. Abin da za ki roƙa shi ne a gyara koyarwar a fili, a kuma tabbatar duk taimakon da ikilisiya za ta raba an raba shi bisa bukata, da jerin sunaye da kowa zai iya gani.

Game da sujada, ina roƙonki kada ki bari maganar mutum ɗaya ta raba ki da teburin Ubangiji da zumuntar masu bi a lokacin da kika fi bukatarsu. In zama ƙarƙashin wannan bagade ya yi miki nauyi yanzu, ba laifi ba ne ki yi sujada a wata ikilisiya na ɗan lokaci, amma ki sanar da fastonki dalili don kada a ɗauka kin bar bangaskiya. In addu'a ta ƙi fitowa, ki ari ta masu Zabura. Zabura 69 ta fara da kukan wanda ruwa ya kai masa wuya, Zabura 13 tana tambayar Allah har yaushe, Zabura 88 kuwa ta ƙare cikin duhu ba tare da amsa ba, kuma duka an ajiye mana su ne domin a yi addu'a da su. In watanni suka wuce barci da cin abinci ba su dawo miki ba, ko kina yawan ganin abin a mafarki, ki nemi likita ko mai ba da shawara da ya san aikin jinyar masu makoki, ki kuma sa ido a kan mijin ƙanwarki da sauran 'ya'yanta in akwai, domin mai yiwuwa su ma maganar ta kai kunnensu, kuma ba su da wanda zai faɗa musu cewa ba haka Ubangiji ya ce ba.